Talakan Dandali

An sauke labule, tsohon daraktan ya zauna a kan akwatin kayan wasa yana murza gwiwa. A tsohon wasan barkwancin da suka gama yanzu, 'yarsa ce budurwar da ke ƙin attajiri mai homa ta zaɓi talaka mai hali. Kullum sai an yi tafi, don a dandali kaɗai ake irin wannan auren.

Tun rasuwar matarsa burinsa ɗaya, ya ga yarinyar a hannu na gari. Ga shi samarin biyu, attajirin wasa da talakan wasa, sun fito nemanta da gaske.

"Ki ɗauki talakan," ya ce. "Na gaji da mutane, amma yaron nan in ya buɗe baki, hankali ne ke zuba."

Tana goge hoda, ba ta juyo ba. "Wace maganarsa ce ta burge ka, Baba?"

Ya kawo guda uku, hannu a ƙirji.

"Duk na cikin wasan ne, kai ka biya masa su har ya haddace. Ni da na ji tasa ta kansa, attajirin zan aura."