Sa Hannun Kaftin Alkasim

Takarda ɗaya ta rage wa Salamatou, kuma wata huɗu ke nan takardar na kwance a aljihun mijinta.

Shekara tara ta yi a Yamai tana duba masu ciwon damuwa, ƙwararriya ce kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Sai aka ɗauke Kaftin Alkasim daga bakin daga a Diffa, aka turo shi Jidda aikin ofis. Matar soja ba ta da gari, ta tattara ta bi shi. A nan kuwa lasisinta na gida bai fi takardar ƙunshe ƙosai daraja ba. Ta sa aka fassara takardun karatunta zuwa Larabci, ta bi layin hatimi, ta ci jarrabawa. Wani ƙaramin asibiti a unguwar Aziziyya ya ajiye mata gurbi zuwa ƙarshen wata. Saura amincewar miji a rubuce, tunda iƙamarta, wato takardar izinin zamanta, a ƙarƙashinsa take.

Alkasim ba mai hana mace aiki ba ne, shi ke kai ta asibiti a Yamai in yana gari. Amma ranar da ta faɗi sunan wannan wurin, ajiye cokali ya yi. Tun daga nan sai "gobe in sha Allah". Ta lallasa, ta yi fushi, ta yi kuka. Abin ya ci mata rai: ita da ke gano damuwar baƙi, ta kasa gane mutumin da take kwana da shi. Har ta fara zargin fitar da yake yi duk Talata ba tare da kaki ba.

Ranar Talata, saura kwana biyu, ta bar gidansu na unguwar Safa ta tafi roƙon ƙarin lokaci.

Dakta Manal, shugabar wurin, ta girgiza kai. "Wallahi ba hali, 'yar'uwa, a matse muke. Akwai wani bawan Allah, wata takwas muna fama da shi ta bakin tafinta, Larabcinsa bai isa faɗin abin da ya gani ba. Ko iyalinsa ba su san yana zuwa ba. Ke na ware masa, tunda yarenku ɗaya. In babu sa hannu ran Alhamis, shi ke nan."

Salamatou ta fito. A ɗakin jira ma'aikaciya ta ce na gaba ya shiga. Tafinta ya miƙe, mutumin da ke gefensa ya ɗago kai, sai ga ta ido huɗu da mijinta.