Bututun Nerio da Tagar Telesforo

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, Telesforo yake kwance a ɗakin baya. Ba ya magana, ba ya iya ɗaga kofi. Taga ɗaya ce a ɗakin, tana kallon wani siririn lungu, ta nan iskar tafki ke shigo masa. Duk wanda ya zauna a garin nan namu mai zafi, Maracaibo, ya san abin da taga take nufi ga mara lafiya.

Matarsa Chinka ce ke juya shi, ta goge masa jiki, sannan ta ɗauki wainar masararta ta tafi bakin titi ta sayar.

A ɗaya gefen lungun akwai Nerio, ɗan maƙwabta, wanda Chinka ta riƙe a hannunta ranar da aka yi masa baftisma. Shi ne ya cika ɗakinsa da kwamfutocin nan masu haƙo kuɗin intanet, waɗanda ba a kashe su. Zafi suke fitarwa kamar murhu. Sai ya samo lagireton tsohuwar mota, ya jera fankoki, ya huda bango, ya zura wani ƙaton bututun kwano don zafin ya fita waje. Bakin bututun kuwa, saitin tagar Telesforo.

Chinka ta je ta same shi.

"Ɗan nan, gasa mini miji za ka yi? Ka juya abin nan sama mana."

"Haba Inna, iska ce fa kawai," in ji Nerio yana dariya. "Ki riƙa shanya wanki a wurin, kafin ki juya ya bushe. Na ma sauƙaƙa miki."

"Da na san haka za ka zama, da na sake ka cikin ruwan baftisma."

"Zan gyara, Inna. Bari in samu gwiwar bututu."

Gwiwar bututu ba ta samu ba, amma kwamfuta ta ƙaru, ya kuma sayo babbar fanka irin ta gidan burodi. In Chinka ta buɗe tagar, wuta ke shigowa. In ta rufe, ɗakin ya zama tukunya. Ta rasa yadda za ta yi, sai ta riƙa jiƙa zanin gado tana ratayewa a tagar, in ya bushe ta sake jiƙawa. Ta kai ƙara wajen shugabannin unguwa, suka ce gida nasa ne, bango nasa ne. Mu maƙwabta ma muka yi shiru, don Nerio ne ke gyara mana waya.

Ran nan aka ce maganin Telesforo ya iso asibitin unguwa. Chinka ta jiƙa zanin sharkaf, ta ba shi ruwa, ta ce, "Tsoho, yanzu zan dawo, kada ka gudu." Layi ya riƙe ta har rana ta take.

Da ta dawo, zanin ya bushe ƙayau. Kofin ruwa na nan kusa da hannun da ba ya motsi. Jikinsa da zafi rau, har ta ɗauka zazzaɓi ne, tana ta kiran sunansa. Ashe rai ya riga ya yi halinsa. Likita ya ce zafi ne ya fi ƙarfin zuciyarsa.

Nerio ya zo ta'aziyya da ƙunshin garin gahawa a hannu. Muna zaune gaban akwatin gawa, ƙugin fankokinsa na ratso bango, ya danne addu'ar da ake yi.

Chinka ta ɗago ta ce, "Ka kashe su, ko har a fita da shi."

Ya sunkuyar da kai. "Inna, in suka tsaya, asara ce babba."

Haka aka fita da Telesforo, fankokin suna ta ƙugi.

Bututun yana nan har yau, kuma Chinka ce ke kwana a ɗakin yanzu. Shugabannin unguwa, da ku nake: ku zo ku cire shi, ku kira Nerio ya tsaya gaban jama'a ya amsa. Ba za mu sake yin shiru ba.

Ku kuma masu sanyaya inji, ku sani zafin da kuka kora daga ɗakinku ba ɓacewa yake yi ba, kan wani yake sauka. Kafin ku huda bango, ku leƙa ku ga wa ke kwance a bayansa.