Fitilar Birki da Baƙin Salatif

Ke da kike cewa duk wanda ya nuna miki ciwo shi ya sa miki shi, saurari wannan.

Wata malamar jinya ce da ke tuƙa kanta kullum daga gari zuwa asibitin ƙauye. Akwai wani bakanike da ba ta manta ranar da ta fara ganinsa ba. Takalman birki kawai ta je a canza mata, amma ya ce ta murɗa makulli kada ta tayar. Ya leƙa gaban motar ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ta ko ta taɓa ganin fitilar ABS ta kama, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa. Ta ce shekararta guda da motar ba ta taɓa gani ba, ai lafiyar ke nan. Ya roƙi ta bar masa motar kwana biyu. Tun da ta karɓo ta, ko yaushe ta murɗa makulli sai fitilar ta kama, ta ɗan jima ta mutu. Ya yi mata bayani, ta ɗauke shi zancen makanikai. Da damina ta kankama, sau biyu fitilar tana kamawa ta ƙi mutuwa, sau biyu tana komawa garejin. Ya kwance taya, ya wanke lakar da ta toshe 'yar na'urar da ke lura da juyawar tayar, fitila ta mutu. Ana cikin haka ya tura kawunsa gidan mahaifinta neman aurenta.

Daga nan zargi ya shige ta. Motar da ta shekara ba ta yi ƙorafi ba, sai da hannunsa ya taɓa ta? Ko dasa mata ciwo ya yi don ta riƙa dawowa yana ganinta? Tana sonsa, ba ta musa wa kanta wannan ba. Amma wanda zai ƙulla wa mota ƙarya don ya ga mace, me zai ƙulla wa macen in ta shiga gidansa? Wata safiya bayan ruwa, shanu suka ɓullo mata a kwana. Ta taka birki iya ƙarfinta, ta ji yana karkarwa yana gurnani a ƙarƙashin ƙafarta, motar ta tsaya taku biyu tsakaninta da wani farin bijimi. Har wannan ma ta lissafa shi cikin laifinsa, ta ce ya lalata mata birki. Ta roƙi mahaifinta ya dakata da ba da amsa.

Ranar hutunta ta kai motar wani gari mai nisa, wurin wani tsohon mai gyaran wayoyin mota da bai san bakaniken ba, ta ce a tono mata abin da aka dasa. Tsohon ya jona kwamfuta, ba ta nuna komai ba. Ya kwance gaban motar, ya nuna mata ragowar danƙon baƙin salatif daidai inda fitilar take. Ya shiga ƙasa, ya haska mata wayar tayar baya, an haɗa ta sabuwa an naɗe tsaf. Ya ce tun a wurin dillali wayar nan a tsinke take, aka liƙe fitilar don kada mai saye ya gani. Kamawar da take yi in an murɗa makulli, motar ce ke shaida cewa mai tsaron tayoyinta a farke yake. Karkarwar kuwa, birki ne ke kamawa yana saki don kada taya ta ƙame ta zame a kwalta. Da bara ta gamu da shanun nan, da wani labarin ake yi. Ya goge hannu ya ce, "'Yata, wanda ya yi aikin nan, ki riƙe shi."

Da ta koma gari, ta sami bakaniken a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani. A haka ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya fito bai ɓata rai ba, abin da ya tambaya kawai shi ne yadda tsohon ya ga haɗin wayar. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na yi alkawari, daga yau duk abin da ya ɗaure mini kai game da kai, kai zan fara tambaya. Ka ce wa kawu ya koma wurin Baba."

An bincike shi a bayan idonsa, an kwance aikinsa ƙusa bayan ƙusa, ba a sami abin kama shi ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.