Allurar da Dogo Ya Ƙona

Dogo mai walda yana cikin yanka ƙarfen ƙofa aka zo aka ce masa ƙaninsa Auta na aman jini. Ya watsar da komai ya ruga gida. Ya tarar da shi kwance a tsakar ɗaki, ciki ya kumbura kamar tulu, idanu sun koma ruwan ɗorawa. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Shi ya raini Auta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa riƙe wutar walda. Ga shi kuma Dogo mutum ne mai zuciya a kusa, hannunsa kan riga bakinsa magana.

Ana zaune ana karɓar gaisuwa sai mai facin da ke maƙwabtaka da shagonsa ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Ni fa Dogo, tun da mutanen nan suka ɗebi jinin yaron nan bai ƙara lafiya ba. An ce sayar da shi suke yi, su ɗura wa mutum cuta a madadinsa."

Mai karatu, wannan mutumin ko tayar keke ya liƙe ba ta kaiwa yamma, amma ranar shi ne likitan unguwa.

Mutanen da yake nufi masu binciken ciwon hanta ne da suka zauna a ƙaramin asibitin unguwar. Suna gwada jini kyauta don su gano yadda cutar ta yaɗu, suna kuma yi wa jarirai allurar rigakafi. Su suka gaya wa Auta hantarsa ta daɗe da lalacewa, ya hanzarta zuwa babban asibiti. Ya ɓoye wa kowa, ya koma shan jiƙe-jiƙe.

Matar Dogo ma, da ke da tsohon ciki, an gwada ta wurin awo a wannan asibitin an sami cutar a jininta. Sistar da ke kula da ita ta kwantar mata da hankali.

"Ranar da kika haihu a kawo mini jaririn, kada a bari ya kwana. Allurarsa na nan cikin firji. In aka yi masa a ranar, da yardar Allah ba zai ɗauka ba."

Da jin maganar mai faci, Dogo ya shiga gida ya zaro rodi daga ƙarƙashin gado. Matar ta tare ƙofa da cikinta.

"Maigida, don Allah ka tsaya ka ji. Ni ma sun gwada ni, ina da ita. Allurar ɗanmu na wurinsu."

"Au, ke ma sun ɗebi naki? Ashe gidana kaf suka shirya gamawa da shi."

Ya ture ta, ta faɗa kan bokitin wanki. Bai waiwaya ba.

Kafin ya kai asibitin mutane sun cika bayansa, wasu da sanduna, wasu da duwatsu, rabinsu ba su ma san fuskar Auta ba. Direban masu binciken ya fito yana ɗaga hannu yana ba da haƙuri. Dogo ya sauke masa rodi a tsakiyar kai. Mutumin ya durƙusa, jini ya rufe masa fuska, sauran suka bi ta kansa da ƙafa.

Sista ta tsaya a gaban firjin ta baza hannuwa.

"Ku ji tsoron Allah, maganin 'ya'yanku ne a ciki."

Da duka ɗaya Dogo ya karya mata hannu, ƙashin ya ɓullo ta fata. Suka ja ta a ƙasa suka jefar waje. Dogo ya yi ta sarar firjin har murfin ya ɓalle, kwalabe suka tarwatse a siminti. Wani ya zuba fetur, wani ya ƙyasta ashana. Da motar 'yan sanda ta iso, mai faci ya riga ya koma shagonsa yana hura taya kamar bai san an yi ba.

Direban ya cika a hanyar babban asibiti. Aka kulle Dogo. Masu binciken suka kwashe abin da ya rage suka tafi.

Matarsa ta haihu a ɗaki, namiji, ba mai tallafa mata sai tsohuwar surukarta. Asibitin unguwa ya zama toka, babban kuwa da nisa, ita kuma jini ya zube mata da yawa, ko zama ba ta iyawa. Kafin ta miƙe ta kai yaron, lokacin allurar farko ya wuce.

Yaron ya riga ya fara tafiya lokacin da ta kawo shi gidan yari. Dogo ya zura yatsu ta cikin ragar waya, yaron ya kama yana dariya. Rabon Dogo da murmushi har ya manta.

"Kai, ga shi nan ɓulɓul. Lafiyarsa ƙalau ko?"

Ta dube shi cikin tausayi da haushi.

"An gwada shi. Yana da ita. Likita ya ce wanda ya ɗauka tun haihuwa da wuya ta rabu da shi, sai dai a yi ta lura da hantarsa iya rayuwarsa."

Dogo ya zame ya zauna a ƙasa, yaron na ta jan yatsarsa yana so su yi wasa.

Mai karatu, gwajin jini ba ya sa wa mutum ciwon hanta, tona shi yake yi tun da sauran dama. Ka je a gwada ka, ka kai jaririnka allura ranar da aka haife shi. Wanda ya bi jita-jita ya ɗaga hannu kan ma'aikacin lafiya, a kan ɗan cikinsa dukan ke fara sauka.