Shaddar Tela

Ma'aikatan hukumar birni suna cikin haƙa hanyar bututun bahaya a layinmu, sai wani tela ya tare su.

"Ku tsallake gidana. Shekara goma sha biyu ke nan, shaddar bayan gidana ba ta taɓa cika ba."

Maƙwabcinsa direba ya ce, "Ni dai ku fara da nawa. Duk wata uku sai an yashe tawa."

Shugaban ma'aikatan ya sa aka tone tsohon bututun tela. Suka bi shi, sai ga shi ya ratsa ƙarƙashin katanga ya faɗa shaddar direba.

Sai matar direba ta gyara mayafi ta ce, "To maigida, sai ka je ka ba 'yan'uwana haƙuri. Su ne ka hana zuwa hutu, wai su ke cika mana shadda."