Babur Daga Ƙasan Tafki

Da bala'in fari ya kai shekara ta uku, tafkin gonar su Brodie a yammacin jihar Kwinsland ta Ostareliya ya janye har ƙahon wani babur ya leƙo daga cikin laka. Brodie ya ɗaura masa sarƙa, ya ja shi da tarakta zuwa rumfar askin tumaki. A tsakiyar tafkin yake, kuma a giya ta uku. Duk wanda ya kai shi can, a guje ya shiga da shi.

Babansa Merv ya dube shi sau ɗaya, fuskarsa ta yi fari.

"Mayar da tarkacen nan inda ka ɗauko shi."

"Haba Baba, ƙirar Ingila ne fa, na da. A kansa zan shiga faretin bikin baje koli, ka ga yadda garin nan zai miƙe tsaye."

Merv ya tofa yawu ya fita. Daga can bayan shinge ana jin ƙarar bindiga jefi-jefi, ana rage tumakin da yunwa ta hana su tashi. Da ƙarar ta lafa, Glenys, mahaifiyar Brodie, ta shigo, ta jingine bindigar a bayan ƙofa, ta tambaye shi ko zai sha shayi.

Brodie ya zuba wa injin kalanzir ta ramin fulogi, ya bar shi ya jiƙu har fiston ya yarda ya motsa. Ya sauya ringi, ya goge bawul. Kaburetar ya wargaza ta a kan tsohon tiren burodi, yana bin ƙananan ramukanta da siririyar waya yana busawa. Glenys takan zauna a kan buhun ulu tana kallonsa, Merv kuma ya daina cin abinci a tebur.

Babur ya haɗu, amma ya ƙi tashi. Duk lokacin da Brodie ya buga kik, sai ƙarfen ya dawo ya doke shi a ƙwauri. Da ya cire tanki don ya sake wanke shi, wani abu ya yi ƙara a ciki. Ya girgiza, harsashi ya faɗo a tafinsa. A gefen tankin, inda ya ɗauka tsatsa ce ta ci har ya liƙe, ashe hudar bindiga ce.

Ya nuna wa tsohon da ke sayar da kayan gyara a gari hoton babur ɗin. Tsohon bai ko sa tabarau ba.

"Na Des Corrigan ne, mai askin tumaki. Tun ba a haife ka ba ya ɓace, shi da babur ɗin. Gwani ne a almakashi, amma ya fi son ziyartar gona idan maigida ya tafi kai garke kasuwa. Matan yankin nan ba su yi kewarsa ba. A ina ka samo shi?"

Brodie ya karɓe hotonsa ya fita. Ya tuƙo mota ya dawo, ya tarar da Merv a rumfa da jarkar fetur, ya riga ya jiƙa sirdin, yana laluben ashana.

Brodie ya yi kansa. Suka faɗa kan teburin tantance ulu, teburin ya karye. Merv ya kai masa naushi a baki, haƙori ya tsaga leɓe. Brodie ya damƙi babbar sifana ya sauke masa a hannu, ƙashi ya yi ƙara kamar busasshen itace, ashanar ta watse a ƙasa. Bai tsaya ba. Ya danne shi da gwiwa a ƙirji, ya buga kansa da katakon daɓe har jini ya bi ta kunne ya gangara cikin farin gashin.

"Des Corrigan! Kai ka harbe shi, ko?"

"Ni ne," Merv ya ce, jini na kumfa a bakinsa.

"Kai ka jefa babur a tafki?"

"Ni ne. Ni kaɗai. Kira 'yan sanda, ka ce ni ne. Kada dai ka kai babur ɗin gari, ɗana."

Brodie ya miƙe yana haki, ya zaro waya daga aljihu. Ya tsaya da ita a hannu yana kallon babansa a ƙasa.

Bai ji shigowar Glenys ba. Ta durƙusa, ta cire gyalen wuyanta ta naɗe kan mijinta, ta shafa kumatunsa da bayan yatsu, a hankali, kamar su kaɗai ne a rumfar. Merv ya riƙe gefen rigarta da hannunsa mai lafiya, yana girgiza mata kai. Ta zare rigar.

Ta goge fetur ɗin da ke kan sirdi da tsumma, ta haye. Ta danna ɗan maɓallin da ke kan kabureta har mai ya jiƙa mata yatsa, ta ja wani ƙaramin hannu da ke gefen ƙahon zuwa baya, ta lallaɓa kik har ya yi tauri, sannan ta sake masa nauyinta gaba ɗaya. Injin ya ɗauka da bugu ɗaya, kwanon rufin ya shiga rawa.

Ta saurare shi kaɗan, ta kashe. Ta miƙa hannu ta karɓi wayar daga hannun ɗanta.

"Ka ji wa babanka ciwo a banza, Brodie," ta ce. "Baban naka ko keke bai iya hawa ba. Da ya dawo daga kasuwa, gawar kawai ya taya ni ɗauka."