Majinyaci na Biyu

"Sabon magani ne," in ji likitan jami'a, "amma ba za a kawo shi gwaji don mutum ɗaya ba. 'Yarki kaɗai muka samu da wannan ciwon tsoka. Sai an sami na biyu."

Uwar yarinyar ta dawo unguwarmu, Ayigya Zango, ta faɗa wa matan gidanmu a bakin famfo. Kowacce ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ɗauki bokitinta.

Bayan la'asar Hajiya mai gidan, wadda ta shekara tara tana ba mu labarin ɗanta da ke Italiya, har da sanyin can, ta yi sallama a ƙofar uwar yarinyar, riƙe da makullin ɗakin baya.

"Ƙanwata, zo ki kama mini ɗan nawa. Ba ya iya tashi."